Taken Fotugal waƙar yaƙi ce? In bar ɗana ya je filin ƙwallo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana karatu a Lisbon, babban birnin Fotugal, ya ce zai je kallon ƙwallo. An turo mini bidiyo a WhatsApp, dubban mutane suna rera taken ƙasarsu kamar za su tsaga filin, aka ce ma'anarsa "a ɗauki makamai". Tun ranar ban samu barci ba. In hana shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Fassarar gaskiya ce, amshin taken "A Portuguesa" yana kiran a ɗau makamai a tudu da teku, a tunkari igwa. Amma fushin 1890 ne. A shekarar Ingila ta tilasta wa Fotugal ta janye daga yankin da ke tsakanin Angola da Mozambik, sai Alfredo Keil ya tsara kiɗan, Henrique Lopes de Mendonça ya rubuta baitocin. Ya zama taken ƙasa a 1911. Yau wanda ke rera shi a fili gyale kawai yake ɗagawa, wani ma da ɗansa a wuya. A wasan ƙarshe na kofin Turai na 2016 da aka buga a Faransa, 'yan Fotugal mazauna Faransa sun rera shi da hawaye, kuma wanda ya ci musu ƙwallon a minti na 109, Éder, haifaffen Gini Bisau ne. Ranar wasan ƙasa, ki bar shi ya je.

Abin da ke ba ni haushi daban ne. Kullum sai na ji masu sharhin gidan kallo suna cewa ai waƙa ta haɗa kan 'yan Fotugal, kowa ɗan'uwan kowa ne, ka sa rigar da ka ga dama ka zauna inda ka so. Wanda bai taɓa taka ƙofar filin ba shi ke faɗin haka. Haɗin kan nan na ranar da tawagar ƙasa ke wasa ne. Washegari kowa ya koma kulob ɗinsa: ɗan Benfica ya koma jarsa, ɗan Sporting ya koma korensa, ɗan Porto shuɗinsa, kowa da tasa waƙar, wasu ma habaici ne da zagi zalla. A 1996, a wasan ƙarshe na kofin ƙasar a filin wasa na Jamor, an harbo wutar roka daga ɓangaren magoya bayan Benfica ta kashe wani ɗan Sporting. A watan Mayu na 2018 wasu magoya bayan Sporting suka rufe fuska suka afka wa 'yan wasansu na kansu a sansanin atisaye na Alcochete. Duk waɗannan sun haddace taken ƙasa tsaf, bai hana su ba.

Don haka, Hajiya, ki tambaye shi wane wasa ne. In Benfica da Sporting ne, ko ɗayansu da Porto, ya sayi tikitin gefen fili, ya guji bayan raga inda 'yan a-mutun kulob ke taruwa da ganguna, ya sa riga mara launin kowa, ya kuma kira ki in ya isa gida.