Hajiya, kada ki yarda da "ɗan gyara ne kawai"

Wa alaikumus salam Hajiya sakatariya. Da na karanta tambayarki sai da na kife waya na yi shiru, don ramin da kike bakinsa ni na taɓa faɗawa ciki har wuya. Kin ce shugabarku ta kawo takarda daga lauya za a taɓa tsarin mulkin ƙungiya, kin ga amend da repeal da substitute, an ce ke za ki fassara wa mata ranar taro, kuma duk wanda kika tambaya sai ya ce miki ai duk gyara ne.

Ba duk gyara ba ne. Mu kwando biyu muke zuba komai, gyara da sokewa, su kuwa lauyoyi kowace kalma da aikinta. Amend shi ne a taɓa wani wuri, doka tana nan da ranta. Repeal a ɗauke ta ne ɗungurungum, ko ita duka ko wani sashe nata. Dokar Zaɓe ta 2022 da Buhari ya sa wa hannu ba kwaskwarima aka yi wa ta 2010 ba, kashe ta aka yi aka kafa sabuwa. Haka dokar kamfanoni ta 2020 ta binne ta 1990.

Amma wallahi ba waɗannan manyan ne suka cuce ni ba. Shekara huɗu ina sakataren ƙungiyar 'yan layinmu a kasuwa. Wata Alhamis bayan la'asar shugaba ya miƙo min takarda shafi biyu, ya ce karanta ka fassara, sauri muke kafin magariba. Na zo kan wani layi a sashen ma'aji, inda aka ce ya kawo lissafi duk wata uku. An rubuta: delete the word shall and substitute the word may. Na ɗago na dube shi, ya yi murmushi ya ce gyaran Turanci ne, lauya ya ce tsohon rubutun bai zauna daidai ba. Ni da bakina na miƙe na ce wa dattawa, wannan ba komai, kalma ce aka sauya da 'yar uwarta. Aka ɗaga hannu, na rubuta, na sa hannu a ƙasa.

Shall dole ce, may kuwa in ya ga dama. Abin da na sayar ke nan ban sani ba. Wata goma sha huɗu ba mu ga lissafin ko sisi ba. Ranar da tura ta kai bango aka taru, shugaban nan bai ɗaga murya ba, ya zaro takardar daga aljihu ya ce ku kuka amince, ga sa hannun sakatarenku, shi ya fassara muku. Wani dattijo da ya riƙe ni kamar ɗansa tun ina yaron shago ya juyo ya ce, "Ɗan boko, nawa aka ba ka?" Hajiya, ko kwabo ban ci ba. Na kai wata biyu ina zagayawa ta bayan layi don kada mu haɗa ido, a gida ma maiɗakina ta gaji da tambayar me ya hana ni cin abinci. Shi kuwa shugaban har gobe in mun haɗu a masallaci shi ke fara miƙo min hannu, kamar ba a yi ba. Na bar shi da Allah, amma ban manta murmushin nan ba.

Don haka ki bar kallon kan takarda, ki bi kalmomi uku: delete a goge, insert a cusa sabo, substitute a cire wannan a sa wancan. Ki ɗauko tsohon tsarin ki ajiye kusa da sabon, ki rubuta jimlar yadda za ta koma bayan canjin, sannan ki fassara ta gaba ɗayanta. In kin ga notwithstanding ki taka burki, ma'anarta wannan sashen ya danne duk abin da aka faɗa a wani wuri. Subject to kishiyarta ce, wato yana ƙarƙashin wancan.

Kada wani ya raina miki canjin kalma ɗaya. Dokar nan ta bai wa matasa damar takara a 2018, lambobi aka sauya, 40 ta koma 35 ga shugaban ƙasa, 30 ta koma 25 ga ɗan majalisar wakilai, amma sai da aka nemi kashi biyu cikin uku a majalisar tarayya da amincewar aƙalla majalisun jihohi 24 cikin 36, kamar yadda sashe na 9 na kundin tsarin mulkin ƙasa ya tanada. Kuma kundin 1999 alter yake cewa, shi ya sa kike jin alteration a labarai. Ku ma naku tsarin ki duba ƙarshensa, da wuya a rasa inda ya faɗi mutum nawa za su yarda da kwana nawa za a ba da sanarwa. Mu namu ya ce a sanar tun kafin taro, ranar aka kawo mana, ban ma lura ba sai da aka gama cin mu. In kuna da rajista da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, canjin sai an kai musu.

Ba ki tambaya ba, amma revoke ma ki san ta, janye abin da aka ba mutum ne, kamar lasisi ko takardar fili. Gwamna yana da wannan ikon a sashe na 28 na dokar filaye ta 1978, yayana ya ga takarda irin wannan ya ɗauka sabuntawa ake nufi. Annul kuma a mayar da abu kamar bai taɓa faruwa ba, abin da Babangida ya yi wa zaɓen 12 ga Yuni 1993.

Ranar taron nan in an ce miki sauri ake, ki ce ke ba ki gama fahimta ba, a ɗaga zuwa mako mai zuwa. Za su ji haushi, su ji. Ki turo hoton shafin nan, ki rufe sunayen mutane, in na tashi daga kasuwa da daddare zan bi miki shi layi-layi.