Amsa ga Hajiya kan ziyarar fadojin Seoul: ku fara duba ranar da ake rufewa

[Murya ta farko]

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya barka da yamma, ya iyali? Na saurari muryar da kika ajiye jiya, cewa ke da Alhaji za ku yi kwana uku a Seoul a ƙarshen Oktoba, Litinin zuwa Laraba, kuna son ganin fadojin sarakunan Koriya da sauran wuraren tarihi, amma ba ku san ta inda za ku fara ba. To ga amsa, a yi mini haƙuri za ta ɗan yi tsawo.

Kafin a zo maganar wacce ta fi kyau, ku riƙe wannan: wuraren nan ba rana ɗaya suke hutu ba. Gyeongbokgung, wato babbar fadar, a rufe take ran Talata. Jongmyo ma Talata. Su kuma Changdeokgung da Changgyeonggung da Deoksugung, Litinin suke rufewa. A nan yawancin baƙi suke tafka asara, mutum ya sha tafiya ya tarar da ƙofa a garƙame. Tunda kwanakinku sun faɗa kan Litinin da Talata, tsarin ya tsara kansa: Litinin babbar fada da Jongmyo, Talata Changdeokgung. Kuma ana daina sayar da tikiti awa ɗaya kafin rufewa. A Oktoba babbar fadar ƙarfe 6 na yamma take rufewa, daga 1 ga Nuwamba ta koma ƙarfe 5.

To Litinin. Ku hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 3, mai ruwan lemo, ku sauka tashar Gyeongbokgung, ku fita ta ƙofa ta 5. Za ta fito da ku cikin harabar. Kuɗin shiga won 3,000 ne kowane babba, won shi ne kuɗin Koriya. Ku isa wajen tara da rabi, saboda ƙarfe 10 ake canjin dogarai a filin da ke bayan ƙofar Gwanghwamun, da tambura da tutoci da riguna ja da shuɗi, wajen minti ashirin. Ana maimaitawa ƙarfe 2. Filin nan yana gaban wurin duba tikiti, saboda haka kallon kyauta ne. In ana ruwa sosai sukan fasa.

Ita fadar, Sarki Taejo wanda ya kafa daular Joseon a 1392 shi ya gina ta a 1395. Ta ƙone a yaƙin da Japanawa suka kawo a 1592, ta zauna kango fiye da shekara 270, sai a 1867 aka sake tayar da ita. Da Japan ta mallaki ƙasar daga 1910 zuwa 1945, ta rushe mafi yawan gine-ginen, ta dasa katafaren ofishin gwamnanta a gaban zauren sarki don ya tare shi. Sai a 1995 zuwa 1996 Koriyawa suka rushe wannan ofishin. Shi ya sa za ku ga wasu sassan fenti sabo fil, kada ku ce an yaudare ku, gyara ne da ake yi har yanzu. Na ainihin ƙarni na 19 su ne zauren gadon sarauta, Geunjeongjeon, da rumfar nan ta kan tafki, Gyeonghoeru, mai ginshiƙan dutse 48. Waɗannan biyun ku ba su lokaci.

A filin gaban zauren, ku dubi ƙasa. Akwai gajerun duwatsu jere biyu da rubutu a jiki, kowane bafade da inda yake tsayawa gwargwadon muƙaminsa, ma'aikatan mulki a gabas, na soja a yamma. Daɓen kuma duwatsu ne masu kaushi marasa daidaito, da gangan aka bar su haka. Hajiya, wannan daɓen ba ya shiri da takalmi mai tsini, ki sa mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. Sannan ku wuce can baya, bayan ɗakin sarauniya, akwai bututun hayaƙi na jan bulo masu zanen furanni. Wuta ake hurawa a ƙarƙashin ɗaki, hayaƙin ya bi ta ƙarƙashin daɓe ya ɗumama shi, ya fita ta can nesa. Ondol suke ce masa. Yawancin mutane a zauren farko suke ɗaukar hoto su juya, alhali can ciki ne shiru da kyau suke. A can ƙurya ta arewa kuma akwai Geoncheonggung, inda aka kashe Sarauniya Myeongseong a 1895. Awa biyu da rabi ku ware, ba ƙasa da haka ba.

Maganar kayan gargajiya da kika tambaya, hanbok. Gaskiya ne, wanda ya sa shi ba ya biyan kuɗin shiga fadojin. Amma sai an sa cikakke, riga da siket ko riga da wando, ba a yafa na sama kawai ba. Shagunan haya sun cika unguwar, kuma kuɗin hayar ya ninka na tikitin sau da yawa, don haka a sa shi don sha'awa da hoto, ba don rangwame ba. Na mata dogo ne mai faɗi har ƙasa, hannun riga dogo, yana tafiya da hijabi lafiya lau. Abin lura kawai lokacin mayarwa, in kun wuce awannin da kuka biya akwai ƙari.

[Murya ta biyu]

Yauwa, ta katse. Bayan azahar ɗin Litinin sai Jongmyo, tashar Jongno 3-ga. Wannan ba fada ba ce, wurin ajiye allunan sunayen sarakunan da suka mutu ne, inda ake yi musu bukin tunawa irin na aƙidar Konfushiyas, tsohon malamin falsafa na China. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1995. Won 1,000 ne. A ranakun aiki ba a shiga kai tsaye, sai da ɗan rakiya a lokacin da aka tsara, kuma zagayen Turanci kaɗan ne a yini, to ku duba jadawalin tun da safe. Babban ginin dogo ne fiye da mita 100, ɗakuna 19, babu ado babu hayaniya. Hanyar dutsen da ke shiga kashi uku ce, ta tsakiya ta ɗan fi tudu. Kada ku taka ta tsakiyar, a wurinsu hanyar ruhohin magabata ce, akwai ma alama a ajiye. Ku bi gefe kawai. In kun gaji, wannan ita ce za ku iya tsallakewa, ba Changdeokgung ba.

Don in da za a ce fada ɗaya tak za ku gani, Changdeokgung zan ce. An gina ta a 1405, kuma bayan gobarar 1592 ita aka fara gyarawa, sarakuna suka zauna cikinta shekaru aru-aru. Babbar fadar a miƙe take kamar an ja zare, ita kuwa wannan bin tudu da kwari ta yi, gini yana lanƙwasa inda ƙasa ta lanƙwasa. Abin da ya sa UNESCO ta ɗauke ta a 1997 ke nan. Tashar Anguk, layi na 3, ƙofa ta 3, tafiyar minti biyar.

A nan sai an yi shiri. Lambun bayan fadar, Huwon, tikitinsa daban ne: won 3,000 na fada, won 5,000 na lambu, dole ka riƙe duka biyun, kuma hanbok ba ya shigar da kai lambun kyauta. Ana shiga rukuni-rukuni a ƙayyadadden lokaci, adadi ƙayyadadde. Ana buɗe sayarwa ta intanet kwana shida kafin ranar, ƙarfe 10 na safe agogon Koriya. Sun riga mu da awa takwas, wato ƙarfe 2 na dare agogon Najeriya da Nijar. Ku da kuke son Talata, daren Talata wayewar Larabar da ta gabace ta ke nan. Ƙarshen Oktoba kuma lokacin da ganye yake komawa ja da rawaya ne, tikitin yana ƙarewa cikin mintuna. In bai samu ba, ana ware wasu a tagar sayarwa, sai ku kasance a layi kafin ƙarfe 9. Kuskure na biyu: ƙofar lambun tana can ciki, wajen tafiyar kwata daga babbar ƙofa. Mai tikitin sha ɗaya da rabi da ya iso bakin titi sha ɗaya da rabi ya makara. Zagayen yana cin kusan awa ɗaya da rabi, da hawa da gangara, in Alhaji yana fama da gwiwa a yi la'akari.

A ciki ku tsaya a tafkin Buyongji, mai kusurwa huɗu da zagayayyen tsibiri a tsakiya, a fahimtarsu ƙasa da sama ke nan. Ginin da ke samansa ɗakin karatu ne da Sarki Jeongjo ya kafa a 1776. A cikin fadar kuma ku leƙa Nakseonjae, katako zalla babu fenti, inda ragowar gidan sarautar suka zauna har 1989. Daga bakin lambun akwai ƙofa zuwa Changgyeonggung, won 1,000. Ita Japanawa gidan namun daji suka mayar da ita a 1909, sai a 1983 aka kwashe dabbobin. Rabin awa ya ishe ta.

Daga nan unguwar Bukchon kusa ce, mai tsofaffin gidaje rufin tayal. Gidajen mutane ne, ba gidan kallo ba. Saboda damun da baƙi suke yi, a layin da aka fi ɗaukar hoto an ƙayyade wa masu yawon buɗe ido daga 10 na safe zuwa 5 na yamma, wanda ya saɓa tarar won 100,000 ce. A rage murya, kada a tura ƙofar kowa. Da dare in da sauran ƙarfi, Deoksugung tana kaiwa ƙarfe 9, tashar City Hall, won 1,000, fitilu a kunne.

Laraba ku sassauta. Birnin yana da ganuwa kamar yadda muka sani a Kano, sai dai tasu ta dutse ce kuma kan duwatsu huɗu ta bi, kilomita 18.6, an fara ta a 1396. Kada ku ce za ku zagaye ta. Ku ɗauki ɓangaren Naksan, daga ƙofar Hyehwamun ku gangaro ƙofar Dongdaemun, wajen kilomita biyu, awa ɗaya. Ku lura da jikin bangon: ƙananan duwatsu marasa tsari na farkon gini ne, manya masu kusurwa huɗu daidai gyaran baya ne. Da rana sai babban gidan tarihi na ƙasa, tashar Ichon layi na 4, shiga kyauta. Mai son tarihin gwagwarmaya da mulkin Japan kuma ya tafi kurkukun Seodaemun, tashar Dongnimmun, wanda aka buɗe a 1908, inda Yu Gwan-sun, wata yarinya 'yar gwagwarmayar neman 'yancin Koriya, ta rasu a tsare a 1920. Wurin yana da nauyi a zuciya, ku zaɓi ɗaya cikin biyun.

Saura ƙananan abubuwa. Ku sayi katin T-money, na biyan kuɗin jirgi da bas, a kantin tasha ko na unguwa, da tsabar kuɗi ake loda shi, don haka ku riƙe won a hannu. Ku taɓa shi wajen shiga da wajen fita, har a bas, in ba haka ba rangwamen canjin mota ya wuce ku. Google Maps ba ya nuna hanyar ƙafa da kyau a can, ku sauke Naver Map ko KakaoMap tun kuna gida. Abinci kuma a yi hattara, naman alade yana shiga har romon miya, sunansa dwaeji-gogi, ku tambaya kafin a zuba. Babban masallacin Seoul yana Itaewon, layi na 6, ƙofa ta 3, ku hau tudu, an buɗe shi a 1976, kuma gidajen abincin halal sun jeru a hanyar. Daga fadojin da ɗan nisa, to ku tafi da ƙaramar darduma da gorar ruwa, don bandakunan fada takarda ce kawai. Magariba a lokacin tana faɗuwa kafin ƙarfe 6, kuma da safe akwai sanyi mai shiga jiki, Hajiya ki sa wa Alhaji rigar sanyi mai kauri a jaka. Allah ya kai ku lafiya.