Kamfani ya san katakonsa, amma bai san hunturunmu ba

Ka tambaye ni, yanzu da wakilan kamfanonin ƙera fiyano ke shiga hirar masu gyara suna amsa tambayoyi, ko za ka riƙa bin maganarsu kai tsaye. To, ɗana, ajiye wayar nan ka saurara.

Injiniyan da ke Hamamatsu ta Japan, garin Yamaha da Kawai, ko na Steinway a Hamburg, ya fi ni sanin abin da ya ƙera, ban musa ba. In ya faɗa maka ratar tsirkiya da gudumar da ke bugunta, rubuta ka ajiye. Amma bai taɓa kwana a Kaduna cikin Janairu ba. Tsirkiya sama da 200 ke cikin fiyano, jansu ya kai wajen tan 18, kuma ƙusoshin da ke riƙe da su cikin katako aka kafa su. Hunturu ya tsotse danshi, ramin ƙusar ya buɗe, ƙusa ta saki. Yamaha da kansu sun ce busar da katakonsu ya danganta da ƙasar da za a kai kayan. 

Abin da tambayarka ta tuna mini shi ne wani mai makaranta. Ya sayo fiyano na gwanjo daga Legas, baƙi wul, sai sheƙi yake. Da na buɗe na ce masa, ranka ya daɗe, wannan don ƙasa mai laima aka yi shi, a rubuta wa kamfani lambar jikinsa a ji. Ya ce ya rubuta, sun ce lafiya lau. Da damina na yi masa aiki, na canza tsirkiyoyin da suka yi tsatsa da kuɗin aljihuna, na gyara gudumomi, ya ce sai ƙarshen zango zai biya. Disamba na shiga allon sauti, katakon da ke ƙara wa tsirkiya amo, ya tsage, tsagar da za ka zura farce, murya ta zube gaba ɗaya. Mutumin nan ya tara malamansa, a gabansu ya ce ni na ɗaure tsirkiya fiye da kima na fasa masa kaya. Ko kwabo bai ba ni ba. Ya bi coci-cocin da nake wa aiki yana ɓata ni, wasu har yau ba su sake kirana ba. Daga baya sakatariyarsa ta nuna mini takardar kamfanin: sun gaya masa ƙarara ba don busasshiyar ƙasa aka ƙera shi ba, kuma babu garanti. Ya karanta, ya ɓoye, ya ɗora mini. Allah ya isa.

Da a lokacin ina da hanyar da kuke da ita yau, da ni zan tambayi kamfanin da bakina. Ku kuma kun samu, kuna ɓata ta wajen gardamar wane fiyano ya fi wane, kuna jiran a yaba muku. Kafin ka taɓa na gwanjo, aika musu lambar, ka nemi amsa a rubuce, ka sa mai kaya ya karanta a gabanka ya sa hannu. Ka karɓi rabin kuɗinka kafin ka buɗe akwatin aiki. In kuma wakilin ya fara yabon sabon samfurinsu, talla yake yi, wuce abinka.