Tambaya da Amsa: CorelDRAW Ya Ƙi Buɗewa Bayan An Ɗauke Wuta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan shago a Tudun Wadan Gombe inda nake tsara katunan ɗaurin aure, kalanda da fastoci. Makonni biyu da suka wuce aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, kuma tun daga ranar CorelDRAW ya daina yi mini biyayya: wani lokaci ya buɗe ya rufe da kansa, wani lokaci ya nuna saƙon cewa bai ga VCRUNTIME140.dll ba. Wani mai gyara ya ce in kawo ya share komai ya sake ɗora Windows, alhali ayyukan mutane na shekara uku suna ciki. Shin babu wata hanya sai wannan? Daga wani mai karatu a Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah Ya sa albarka a sana'a. Akwai hanya, kuma ina roƙonka da kada ka yarda a share kwamfutar tukuna, domin sharewa ita ce mataki na ƙarshe, ba na farko ba. Kafin ka taɓa komai, ka samo faifan ajiya na waje ka kwafe dukkan ayyukan mutane a ciki, har da hotuna da samfuran haruffan da kake aiki da su, wato fonts. Manhaja ana iya sake ɗora ta sau goma, amma katin da ango ya amince da shi bayan gyara biyar ba ya dawowa idan ya tafi.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne cewa abin da muke kira lalacewar manhaja yakan fito daga wurare daban-daban, kuma kowanne da maganinsa. Akwai fayilolin manhajar kanta, akwai ƙananan fayilolin da take adana zaɓuɓɓukanka a ciki, akwai fayil ɗin aikin da kake son buɗewa, sannan akwai Windows da faifan da komai yake zaune a kai. Idan wuta ta ɗauke a daidai lokacin da kwamfuta take rubuta wani fayil, sai rubutun ya tsaya a rabi, kuma duk ranar da manhajar ta zo karanta wannan guntun sai ta rikice. Gwajin farko ba shi da wuya: ka buɗe CorelDRAW shi kaɗai, ba ta hanyar danna wani tsohon aiki ba, ka ƙirƙiri sabon shafi ka yi ɗan zane. Idan ya zauna lafiya, matsalar tana cikin fayil ɗin aikin ne. A nan sai ka duba jakar da aikin yake, domin CorelDRAW yakan ajiye kwafin baya da sunan da ya fara da Backup_of, ko kuma ka buɗe sabon shafi ka shigo da tsohon aikin cikinsa da Ctrl da I, wanda sau da yawa yakan ceto mafi yawan zanen.

Idan kuwa ko shi kaɗai ba ya tsayawa, fayilolin zaɓuɓɓuka su ne abin zargi na farko, kuma a nan ne na fi son masu shaguna su tsaya su fahimta, saboda gyaran bai kai minti biyu ba amma an share kwamfutoci da yawa a kansa. Ka riƙe maɓallin F8 yayin da kake buɗe CorelDRAW, kada ka saki har sai ya tambaye ka ko kana so ya mayar da tsarinsa yadda ya fito daga kamfani, sai ka amince. Za ka rasa yadda ka jera kayan aikinka a fuskar manhajar, amma ayyukanka babu abin da zai same su. Masu aiki da InDesign, wata manhajar tsara shafuka, suna da irin wannan hanya, wato riƙe Ctrl da Alt da Shift tare a lokacin buɗewa.

Saƙon da ka ambata kuma yana da nasa bayanin. VCRUNTIME140.dll ba na kamfanin Corel ba ne. Yana cikin wani ƙunshi na Microsoft mai suna Visual C++ Redistributable, wanda manhajoji da dama suke dogara da shi. Ana samun sa kyauta a shafin Microsoft, kuma ya fi kyau ka ɗora nau'insa biyu, x86 da x64, sannan ka sake kunna kwamfutar. Ina gargaɗinka da babbar murya a kan shafukan intanet da ke raba fayilolin DLL ɗaya-ɗaya, domin ta nan bairos yake shiga, sai a je neman ƙiba a samo rama. Ka leƙa kuma ma'ajiyar manhajar kariya daga bairos, wataƙila ita ce ta tsare wani fayil na manhajar, musamman ga mai shagon da kullum ake soka masa filashin mutane.

Bayan haka sai gyaran manhajar kanta. A cikin Control Panel, ƙarƙashin Programs and Features, ka zaɓi CorelDRAW ka nemi zaɓin gyara, wanda zai sake rubuta fayilolin da suka lalace ba tare da ya cire manhajar ba. Idan bai wadatar ba, ka cire ta gaba ɗaya, ka sake kunna kwamfutar, ka ɗora ta daga kwafi mai kyau. Windows ma yana da nasa likitan: ka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa ka rubuta sfc /scannow, zai binciki fayilolin Windows ya maye gurbin waɗanda suka lalace. Daga nan ka bi shi da chkdsk C: /f domin a duba faifan. Idan bayan duk wannan fayiloli suka ci gaba da lalacewa kowane mako, to mai yiwuwa faifan ne yake mutuwa, kuma idan haka ne sake ɗora Windows a kansa ɓarnar kuɗi ce. Sabon faifai ake buƙata.

Akwai wani abu da masu tsara rubutun Hausa suke yawan mantawa da shi, wato samfuran haruffa. Mukan tara ɗaruruwansu daga hannu zuwa hannu saboda neman ƙ da ɗ da ɓ ko adon katin biki, kuma guda ɗaya lalatacce ya isa ya hana manhaja buɗewa, tunda tana karanta su a lokacin tashi. Ka cire waɗanda ka ɗora kwanan nan ka gwada. Masu riƙe da tsohuwar manhajar tsara shafuka ta PageMaker har yanzu kuwa su sani cewa fitowarsa ta ƙarshe, wato ta 7, tun 2001 ce, kuma ba a yi shi domin Windows 10 ko 11 ba, saboda haka ba kowace gardamarsa ce lalacewar fayil ba.

Dole in faɗi wata gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Idan manhajar taka kwafin da aka fasa ne, an riga an sauya wasu fayilolinta tun kafin ta iso gare ka, kuma zaɓin gyara ba lallai ya yi aiki a kanta ba. Na san kuɗin lasisi yana da nauyi ga ƙaramin shago, shi ya sa nake ba da shawarar a gwada Inkscape da Scribus, waɗanda kyauta ne kuma halal ne a yi kasuwanci da su. Inkscape yana iya buɗe fayilolin CDR, wato na CorelDRAW, da dama, ko da yake wani lokaci sai an gyara rubutun da hannu. Tunda kuma ɗaukewar wuta ce ta jawo maka wannan, ka sayi ƙaramar UPS wadda za ta riƙe kwamfutar na 'yan mintuna har ka adana aiki ka kashe ta yadda ya dace, ka kuma kai kwamfutar a hure mata ƙura kafin hunturu ya yi nisa.