Ni ma Shamoni ta taɓa sa ni kuka, ki saurare ni kafin ki kai Hajiya

'Yar uwa wallahi ina ganin tambayarki, wai kina son kai Hajiya Chamonix (Shamoni ake furta shi, garin duwatsun nan na Faransa) a Disamba kuma ko yini ɗaya ya isa ku hau tsaunin Aiguille du Midi ku dawo, sai da gabana ya faɗi. Abin da ya same ni ke nan sak.

Mu wani ɗan gari ne ya shirya mana tafiyar, ba zan kama suna ba, ya tattara kuɗinmu ya ce komai na hannunsa. Mun taso daga Jeneva da asuba, awa ɗaya da 'yan mintuna a bas, ko shayi ban sha ba ya tura mu layin kejin nan mai tafiya a jikin igiya. Garin kansa tsayinsa mita 1,035 ne, kejin kuma cikin kamar minti 20 ya cilla ki kusa da ƙololuwar Aiguille du Midi mai tsayin mita 3,842. Ina fitowa kaina ya sara, numfashi ya ƙi, matakala biyar na taka na zauna a ƙasa ina haki kamar wadda aka koro, yatsuna sun mutu cikin wata safar hannu ta banza da ya ce ai ta isa. Ga hazo ya rufe ko'ina, babban dutsen Mont Blanc ɗin da muka biya kuɗi don shi ko inuwarsa ban gani ba. Shi kuwa bawan Allah yana can yana ɗaukar kansa hoto, da na ce ya sauko da ni sai cewa ya yi wai shagwaɓa ce. Shagwaɓa fa! Wata tsohuwa Bafaranshiya ce ta ba ni ruwa ta riƙe ni har ƙasa. Har yau bai ce min sannu ba, na bar shi da Allah.

To ki kwana ko ɗaya ne. Kar ki sayi tikitin sama sai kin duba kyamarorinsu a intanet da safen, in hazo ne ki riƙe kuɗinki. In Hajiya na da hawan jini ko ciwon zuciya, a tambayi likita tukuna, ni dai da uwata ce ba zan kai ta can ba. Ku hau jan jirgin ƙasan Montenvers, ya fi shekara ɗari yana aiki, tsayin mita 1,913 kawai, a zaune za ta ga Mer de Glace, kogin ƙanƙarar nan. Zai ba ki tausayi ma, ya narke ya yi ƙasa sosai.

Abinci kuma ki yi hattara, tartiflette akwai naman alade ciki, fondue kuma da giya ake narka cukun. Mu burodi da kifin gwangwani muka ci. Ki sa mata kaya hawa uku ƙarƙashin abaya, da takalmi mai kama ƙasa, santsin ba wasa.

Washegari da na ɗan dawo hayyacina na zaga garin ni kaɗai, a nan na so shi. A nan fa aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, kuma sai 1860 yankin ya zama na Faransa. A tsakiyar gari akwai mutum-mutumin wani mai hawan dutse Balmat yana nuna wa Saussure, mai kuɗin da ya sa lada ga wanda ya fara hawan Mont Blanc, dutsen da yatsa. Mutum biyu ne suka fara kaiwa ƙololuwar a 1786, Balmat da wani likita Paccard, amma aka yi mutum-mutumin da mai kuɗin da ya sa ladan, aka bar likitan, sai bayan shekara 200 da hawan aka yi masa nasa shi kaɗai a gefe. Na daɗe tsaye gabansa, raina na ta ɓaci kamar ni aka yi wa.

Au, ki taho da fasfo ɗinku in za ku bi hanyar motar da aka haƙa ƙarƙashin Mont Blanc zuwa Italiya, kilomita 11.6 ne, ana iya tsayar da mota a duba. Ki gaida min Hajiya, in kin sa rana ki yi min magana ta ciki in aro miki jaket ɗina, tana nan a ajiye.