Ƙurar hunturu da ƙananan motocin ado: ko durowar gilashi za ta mayar da kuɗinta?

Wani ɗan kasuwa mai shago kusa da Kasuwar Wunti a Bauchi ya aiko da tambaya. Yana sayar da ƙananan motoci da jirage na ado, irin waɗanda manya ke saya su jera a falo ko a ofis. Ya ce tun shigowar hunturu yaron shagonsa ke goge su da tsumma kowace safiya, amma sai ƙara dusashewa suke yi, har ya karya farashin guda 15 a watan jiya. Yana so ya sani ko ya taɓa jari ya yi durowar gilashi, ko kuwa ya ƙaro kaya da kuɗin.

Alhaji, ka yi durowar, amma kafin nan ka karɓe tsumman daga hannun yaron tun yau, domin tsumman ne yake cin ribarka. Ƙurar da ke sauka mana daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris daga Sahara take tasowa, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, kuma garin ƙasa ne mai kaifi duk da laushinsa a hannu. Duk sanda aka danna busasshen tsumma a kan fenti, tamkar an goga masa yashi ne. Ka ɗauki mota ɗaya ka karkata ta a hasken ƙofa, za ka ga siraran zane sun zagaye rufinta kamar saƙar gizo-gizo. Wannan ba datti ba ne da zai fita, fentin ne ya ji ciwo.

Kayan nan kuma ba jiki ɗaya gare su ba. Gangar motar yawanci narkakken ƙarfe ce mai sinadarin zinki, amma tagogi da fitilu da madubin gefe roba ce, lambobin jikinta kuma wani lokaci sitika ce da ke ɗagowa idan ruwa ya jiƙa ta. Saboda haka kada fetur ko kananzir ko ruwan goge jan farce su kusance su, domin suna cin fenti, suna kuma mayar da tagar roba fari fat. Abin da za ka nema shi ne burushin shafa hoda mai laushi, wanda masu kayan kwalliya ke sayarwa a nan cikin kasuwa, da ɗan famfon roba da masu kyamara ke hure ƙura da shi. Ka fara hurewa, sannan ka share daga sama zuwa ƙasa ba tare da dannawa ba, kana riƙe da motar ta ƙasanta a kan shimfiɗaɗɗen tawul, don idan madubi ya ɓalle ka same shi. Inda datti ya kafe, tsinken auduga na goge kunne da ɗigon ruwa ya isa. Wannan aikin naka ne da kanka, sau ɗaya a mako.

Ƙananan motocin nan samfurin Matchbox, da aka fara yi a Ingila a 1953, da Hot Wheels na Amurka da suka fito a 1968, ka bar su cikin kwalinsu, tunda masu tara su sun fi darajanta wanda ba a buɗe ba. Durowar ta manyan motocin ce, masu ma'aunin 1:18 da 1:24 (wato tsawonsu kashi ɗaya cikin 18 ko cikin 24 ne na motar gaske) waɗanda ƙofofinsu ke buɗewa, domin a nan kuɗinka ya fi kwanciya.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Ka haɗa abin da ka rage a kan guda 15 ɗin nan, ka ninka shi sau watanni huɗu na hunturu, ka ajiye shi kusa da kuɗin da kafinta da mai yankan gilashi za su faɗa maka. Ina kyautata zaton za ka tarar durowar ta mayar da kuɗinta cikin hunturu ɗaya ko biyu, alhali sabon kayan da za ka ƙaro a buɗaɗɗiyar kanta ƙura ɗaya za su sha da na da. Ban so ka ci bashi a kan durowar ba; idan kana cikin adashi, ka jira kwasarka, ka fara da guda ɗaya.

Idan ka je wurin kafinta, ka dage ya sa roba ko siririn soso a bakin ƙofar, domin ƙofa mai zamewa da ke barin tsaga ba ta tare ƙurar hunturu. Kada ka kafa ta inda ranar yamma ke dukanta, saboda rana tana koɗar da fenti. Da damina kuma ka jefa mata ƙananan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, makullin kuma ya zauna a aljihunka.