Amsa ga ƙanwarmu mai tambayar gadon gidan Aboabo da ke Kumasi, ƙasar Ghana

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Na karanta tambayarki sau biyu kafin na iya ɗaukar waya in amsa, don wannan ciwon na san zafinsa, kuma rabin mutanen da ke nan sun sani ko da sun yi shiru. Kin ce baffanninku sun dage a bar gida yadda yake kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni, yayanku da ya yi boko ya ce kotu zai tafi a raba da dokar ƙasa, ke kuma in kin buɗe baki wancan ɓangare ya ce ke 'yar zamani ce, wannan ya ce kanki bai waye ba. Kina tambaya wa ke da gaskiya.

Kafin a zo kan wa ke da gaskiya, ki fara gano gidan na wane ne a takarda. Ki nemi takardar filin, da rasitan kuɗin ƙasa, da na harajin gida na Asambili, wato majalisar ƙaramar hukuma, ki ga sunan da ke kai. In Baba ne ya saya ya gina da guminsa, magana ɗaya ce. In kuwa gidan kakanku ne da ba a taɓa rabawa ba, kamar yawancin tsofaffin gidajen Aboabo da Asawase da Yalwa, to baffanninku da gwaggonninku suna da haƙƙi a ciki, sai an fara raba gadon kaka, a fitar da kason Baba, sannan a raba nasa a tsakaninku. Dokar gado ta 1985, wadda lauyoyi ke kira PNDCL 111, abin da mamaci ya mallaka da kansa take rabawa, ba ta shiga dukiyar dangi. Mutane da yawa sun ƙarar da kuɗinsu wajen lauya kafin su fahimci wannan.

Mu ɗauka gidan na Baba ne shi kaɗai. Kin ce ya bar Mama, da mahaifiyarsa, da ɗa namiji ɗaya da ku mata biyu. A shari'ar Musulunci, bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an zartar da wasiyya in akwai (ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji), Mama tana da tumuni, Hajiya kakarku tana da sudusi, saura na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. A ce komai ya kama sidi 240,000: Mama 30,000, Hajiya 40,000, yayanku 85,000, ke da 'yar'uwarki 42,500 kowacce. Ki sake duba lissafin nan da kyau ki nemo mini sunan baffa a ciki. Babu. Ɗan'uwan mamaci ba ya cin ko sisi matuƙar akwai ɗa namiji.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Mutumin da ya fi kowa ɗaga murya cewa yaran yanzu sun watsar da addini, sau da yawa shi ne wanda addinin bai ba shi komai ba a gidan. Ranar sadakar uku yana gaba-gaba, shi ke karɓar gaisuwa, shi ke riƙe da kuɗin da mutane suka kawo. Kafin sadakar arba'in makullin ɗakin marigayi yana aljihunsa, jakar takardu ta koma gidansa wai don adana. Wata ya ƙare, ya zagaya ɗakunan haya ya karɓi kuɗi. In an yi magana ya ce, ai mu ba ma raba gida, raba gida raba zumunci ne. Matar da ke takaba tana zaune a ɗaki wata huɗu da kwana goma, ba ta fita, ba ta san abin da ake ciki ba, kunya kuma ba za ta bari ta tambayi ƙanin mijinta lissafi ba. Ran da ta fita takaba ta tarar an ba sabon ɗan haya shagon gaba, an karɓi kuɗin shekara biyu a dunƙule, an cinye. Sai a fara yi mata zancen ai ke yarinya ce, ki koma gidanku ki yi aure. Macen da ta yi shekara talatin tana soya ƙosai da sayar da waake tana zuba kuɗin bulo a ginin nan! Wallahi duk lokacin da na ji an ce "a bar gida yadda yake" sai gabana ya faɗi, don na san mai faɗin ba shi ne zai kwana a waje ba. Kuma ayoyin gado suna nan cikin Suratun Nisa'i, da gargaɗin masu cin dukiyar marayu a kusa da su, ba wanda zai ce bai taɓa ji ba.

Ki gaya wa Mama kada ta fita daga gidan ko da wa ya ce. Doka ta hana korar matar mamaci ko 'ya'yansa daga gidan aure kafin a raba dukiya, laifi ne mai kai mutum ga tara ko gidan yari. Taɓa dukiyar mamaci ba da izini ba shi ma laifi ne.

Amma ba zan bar yayanku ya tsira ba. Masu karatun boko namu suna da tasu cutar: sun ɗauka da zarar an ambaci kotu magana ta ƙare. Ya san abin da dokar da yake taƙama da ita za ta ba shi? Kayan amfanin gida na Mama ne da 'ya'ya. In gida ɗaya ne, shi ma na Mama ne da 'ya'ya a haɗe. Abin da ya rage ake kasawa 16: matar aure 3, 'ya'ya 9, iyayen mamaci 2, sauran 2 su bi al'adar dangi. A waccan 240,000 ɗin, in ita ce ragowar, Mama 45,000, ku uku 45,000 kowanne ba bambancin mace da namiji, Hajiya 30,000, sai 30,000 ta bi al'ada. Wato a wannan lissafin, shi da ke barazanar kotu rabonsa zai sauko daga 85,000 zuwa 45,000. Ki tura masa lissafin nan ki ji ko muryarsa ba za ta sauka ba. In kuma akwai ɗan da aka haifa a waje, doka tana ƙirga shi cikin 'ya'ya, abin da malamai ba za su karɓa ba. Ya shirya wa wannan?

Dokar nan gwamnatin Rawlings ta yi ta, kuma babban abin da ta zo gyarawa shi ne irin gadon maƙwabtanmu mutanen Asante, inda dukiya ke bin dangin uwa, ɗan 'yar'uwa ya gaji kawunsa, mata da 'ya'ya su tashi a tutar babu. A can ta share hawaye da yawa. Sai dai ta hau kan kowa da kowa, har ta soke sashen tsohuwar dokar auren Musulmi ta 1907 da ya ce wanda aka yi wa rajistar aurensa a raba gadonsa bisa shari'a. Don haka dattawan da ke jin an shigo musu gida ba sallama ba ƙarya suke ba. Na fahimci tsoronsu sarai. Sun taso gida wurin kwana ne da saukar baƙi, fataken goro da na shanu su sauka, ɗan'uwa daga Bawku ko Salaga ya zo ya yi wata shida ba mai tambayarsa. Wasunsu sun ga 1969 da idonsu, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, mutane suka sayar da gidaje a wulaƙance. Wanda ya ga wannan, in ka ce masa a kai takardar gida ofishin gwamnati, ba abin da kake nufi yake ji ba. Yanzu kuma a cikin rayuwar mutum ɗaya fili ya zama zinariya, ɗakin zaure ya zama shagon Momo na tura kuɗi ta waya, 'ya mace tana Italiya ko Amurka tana aiko da kuɗin rufi, tun 2017 sakandare kyauta ce yara mata suna gamawa suna karanta doka a waya. Dattijo ya ga abin ya fi ƙarfin saurinsa sai ya riƙe abin da ya sani da hannu biyu. Yaro ya ga dattijo ya ƙi motsi sai ya ce a rushe duka. Mai cin kuɗin haya kuma yana tsakiya yana jin daɗin rigimar, don muddin ana musun zamani da gargajiya ba mai tambayar rasit.

Af, kafin in manta, takardar shaidar mutuwa. Mu da muke binnewa a ranar, sau da yawa izinin binnewa kawai ake karɓa a wuce, ba a koma ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. Ba tare da ita ba, za ku sha wahala a banki, da hukumar fansho ta SSNIT, da kotu. Ku je ku yi tun yanzu, jinkiri yana ƙara wahala da rantsuwar kotu. Kuma sunan da Baba ya rubuta a banki a matsayin makusanci ba ya mai da mutum magaji, wanda za a tuntuɓa ne kawai.

Abin da na ga yana aiki shi ne a haɗa biyun, kowanne a inda yake da ƙarfi. Ku nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, wadda ake ce wa L.A. Ba a ba fiye da mutum huɗu, in kuma akwai yaro ƙarami cikin magada dole aƙalla mutum biyu. Matar mamaci ce a gaba wajen cancanta, sai 'ya'ya, sai iyaye, sannan magajin al'ada. Ku sa Mama da ke da yayanku. Za a buƙaci shaidar mutuwa, da jerin dukiya da ƙimarta, da takardun rantsuwa, a kuma liƙa sanarwa kwana 21 don mai ja ya fito. Kada ku rage ƙimar dukiya don gudun kuɗin kotu, kada ku ɓoye wani magaji, nan ne ake kama mutane daga baya a soke komai. In kuɗin lauya ya yi nauyi ku je ofishin taimakon shari'a na gwamnati, suna yin sulhu ma.

In takarda ta fito, ku zauna da malamin da ya san ilimin gado da gaske, ba kowane mai wa'azi a TikTok ba, ya fitar da rabo. Idan duk magada manya ne kuma sun yarda a bi shari'a, a rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu gaban shaidu, wanda bai iya karatu ba a karanta masa da Hausa a rubuta cewa an karanta masa, sannan lauya ya yi takardar miƙa gida da sunayenku a kai Hukumar Filaye. Haƙƙin ƙaramin yaro kam ba mai ikon yafe shi a madadinsa. Sannan abin da masu zafin bangarorin biyu ba sa faɗa: bayan kowa ya san rabonsa, shari'a ba ta hana yayanku ya ƙara muku daga nasa da yardar ransa ba, musamman in kuɗinku ya shiga ginin. Kuɗin da Mama ko ke kuka zuba ma, in akwai shaida, a fara maganarsa kafin rabo. Ki tattara rasitan siminti da saƙonnin tura kuɗi tun kafin waya ta ɓata. Raba gado kuma ba ya nufin sayar da gida; ana iya ƙirga ɗakuna, a san na wane da wane, haya ta riƙa shiga asusu ɗaya ana rabawa. Wannan kaɗai yakan kwantar da hankalin dattawan kirki, don abin da suke tsoro shi ne su wayi gari baƙo ya saye gidan ubansu ya kafa otal.

Baffan kuma kada ki yi masa rashin kunya a gaban mutane, zai samu abin riƙewa ya bar zancen kuɗi ya koma zancen tarbiyya. Ki sa liman ko wani dattijo da yake jin nauyinsa ya tambaye shi lissafin haya wata-wata, a rubuce. In ya ƙi, a kai gaban mai unguwa ko fadar Sarkin Zango kafin kotu.

Na san ba ki tambayi wannan ba, amma ina roƙon mazan da ke karantawa: ku rubuta wasiyya. Dokar wasiyya ta 1971 ba ta da wuya. A rubuce, ka sa hannu gaban shaidu biyu a lokaci ɗaya, kada shaidun su kasance cikin masu cin gado, ka faɗi ƙarara cewa a raba dukiyarka bisa shari'ar Musulunci, ka kai Babbar Kotu a ajiye. Rubuta wasiyya ba ya jawo ajali. Haka rajistar aure: doka mako ɗaya ta bayar bayan ɗaurin aure, da ango da waliyyi da shaidu biyu da limami mai lasisi, in ya wuce sai da izinin Babbar Kotu. Mu kuwa sai mu kashe dubbai a kan anko da mai hoto, takardar da za ta tsaya wa yarinya ran da miji ya faɗi ba wanda ya tuna da ita. Shin auren Mama ma an yi masa rajista? In ba a yi ba kada hankalinki ya tashi, a nemo waɗanda suka halarci ɗaurin auren da ke raye, su yi takardar rantsuwa.

Ki duba sunan da ke kan takardar filin ki dawo ki faɗa mana, da kuma ko akwai ƙaramin yaro ko wata matar da Baba ya bari, don lissafin da na yi zai canza. Ki gaishe da Mama, ki ce mata ta riƙe makullin ɗakinta a jikinta.